Manhajar gwaji ta ce an gyara, ni kuwa kwana uku ba intanet

Magidanci, Agege:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun ranar Litinin fitilar LOS a akwatin fayiba (intanet mai zuwa ta zaren haske) na gidana take ƙiftawa ja. Na shiga manhajar kamfanin na danna gwajin matsala, ta ce in kashe in kunna. Na yi har sau biyar. Jiya kawai sai ga saƙo wai an rufe ƙorafina, an gyara, alhali ko ƙeyar ma'aikaci ban gani ba. Yarana biyu da intanet ɗin suke karatun jarrabawa, abin ya tsaya min a rai. Akwai wanda wannan gwajin ya taɓa yi wa amfani?

Mai gyaran waya, Ikeja:
Wa alaikumus salam Malam. Jan LOS yana nufin hasken da ke bin zaren ba ya isowa akwatinka, kuma kashe-kunna ba ya ɗinke zaren da ya tsinke. Na'urarsu daga ofis take hangen layinka. Tana iya auna ƙarfin haske, idan ya yi ƙasa da kusan -27 dBm (ma'aunin ƙarfin hasken) ta san akwai rauni, amma ba ta san ko zaren ya lanƙwashe a bayan kujera ba ne ko kuwa mota ce ta fizge shi a kan titi. Ga kuma NEPA: akwatuna nawa ne ke mutuwa kullum a Legas saboda ɗauke wuta? Sau da yawa naka ma sai a lissafa shi cikinsu.

Hajiya mai ɗinki, Idi-Araba:
Ni manhajar ce min ta yi rawutar, wato na'urar raba intanet a gida, ce ta lalace, in sayi sabuwa. Har na ware kuɗin. Allah ya sa yaron da suka turo mai haƙuri ne, ya ja wadirob, sai ga siririyar wayar nan ruwan ɗorawa ɓera ya gwaguye ta, ga kashinsa a wurin. Minti goma ya canza ta. Da na bi maganar na'ura da na yi asara a banza.

Ɗan kasuwa, Mile 12:
Hajiya, a yi mata adalci kuma. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke wajen gaɓar Kodebuwa, ita ta fara gaya min matsalar ta gama-gari ce, na daina wahalar da kaina. Inda take ba ni haushi shi ne damina. Ruwa na shiga akwatin da ke kan falwaya, intanet ya riƙa yankewa, kafin a gwada rana ta busar da shi, sai ta ce lafiya lau.

Mai gyaran waya, Ikeja:
Malam, ka ɗauki hoton fitilun da lokaci a jiki, ka riƙe lambar ƙorafinka, ka nace sai an haɗa ka da mutum. In suka ƙi turo ma'aikaci, kira 622, layin NCC ne, wato Hukumar Sadarwa ta Najeriya, kuma kyauta.

Magidanci, Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tura hoton, yau da azahar suka zo da tsani. Ashe masu haƙar kwata ne suka datse zaren a bakin layinmu, gida shida abin ya shafa. Sun haɗa shi, fitilar PON mai nuna layi ya haɗu ta dawo koriya, yara sun koma karatu.