Wa ya taɓa fitar da buroila ba antibiyotik a abinci?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara huɗu ina kiwon buroila, wato kajin nama, kuma tun ranar da 'yan tsaki suka iso nake zuba musu antibiyotik, lafiyarsu ƙalau, don kawai su yi saurin nauyi. Zagayen da ya wuce zawo ya shiga, na ba su maganin da na saba, ko gezau. Likitan dabbobi ya ce ƙwayoyin cutar sun saba da shi. Ya ƙara da cewa Sweden ta hana wannan ɗabi'a tun 1986, Tarayyar Turai kuma 2006, kuma ba su daina fitar da kaji ba. Wanda ya gwada wata hanya ya taimaka mana.

Daga Zariya:
Wa alaikumus salam. Ni furobayotik na koma, wato ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cika hanji su hana mugaye wurin zama. Karon farko kuɗina na zubar, domin da ruwan famfo mai kulorin na haɗa, shi kuwa kashe su yake. Yanzu sai ruwan ya kwana a buɗe. Kashinsu ya daure sosai.

Daga Maraɗi:
Yaya, ni tafarnuwa da citta nake dakawa, in tace, in sa a ruwan sha. Suna cin abinci da kyau. Amma don Allah kada a ɗauke su magani. Da na ga kashin jini na jinkirta ina ƙara tafarnuwa, kwana biyu na kwashe gawa goma sha ɗaya. Har yau abin na ci min rai.

Daga Jos:
Malam, duba shimfiɗarka tukuna. Ni kullum sai na damƙi ɓuntun shinkafar da na shimfiɗa wa kajin: in ya dunƙule a hannu ya jiƙe, a kwashe. In ka shiga ɗaki warin ya sa idonka hawaye, to kajin da ke ƙasa sun fi ka shan wuya. Antibiyotik ɗin da muke zubawa ƙazanta da cunkoso yake rufa wa asiri. Ina sa ruwan khal kaɗan a ruwan sha, amma ban da ranar rigakafin cutar kaji ta Gumboro ko ranar Lasota, wato rigakafin cutar Newcastle.

Daga Gusau:
Garin zogale na gwada. Da na cika hannu sai suka rage ci, na dawo ɗan kaɗan. Baba na Jos, cokali nawa na khal kake sa wa a jarka?