Ina Za A Samu Wurin Gudu A Wajen Garin Bauchi?

Ɗan Wunti: Salamu alaikum 'yan zaure. Wata huɗu ke nan ina zagaya filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa bayan sallar asuba, har na gaji da kallon kujeru. Na koma titi, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba, ga hayaƙin Keke Napep. Ina son wajen gari, inda ido zai ga dutse da gona. A taimaka da shawara.

Baba na Yalwa: Wa alaikumus salam. Ɗana, kama hanyar Dass. Da ka wuce Yalwa gidaje suka fara ja baya, sauka daga kwalta ka bi hanyar ƙafa ta manoma. Ƙasa ce, tana shanye nauyin mutum, ita kuwa kwalta mayar maka da shi take yi a gwiwa. Yanzu da kaka ta yi, dawa ta sunkuyar da kai hagu da dama, raɓa na jiƙa maka ƙwauri, duwatsu kuma na fitowa ɗaya bayan ɗaya yayin da gari ke wayewa. Na haura sittin, sassarfa kawai nake yi, amma nan nake zuwa. Sharaɗi ɗaya: kada ka taka kunyar kowa, kuma duk wanda ka tarar a gonarsa ka rage gudu ka ce sannu da aiki.

Ɗan Wunti: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Karnuka fa?

Baba na Yalwa: Akwai su kusa da rugage. Idan kare ya taso ka daina gudu, ka tafi a hankali ba tare da ka juya masa baya ba. Gudun ne ke ingiza shi.

Malamar Firamare: Baba kun manta da ƙarangiya. Ranar da na fara bin burtali na dawo safata da bakin wandona sun yi fam, na zauna a ƙofar ɗaki ina cira ɗaya-ɗaya har shayi ya huce. Ka sa doguwar safa ka cusa wando a ciki. Mu mata huɗu ne, ranar Asabar muke fita, ba ma yin nisa da gari.

Mai Jan Kambas: Ni dai Gubi. Bakin madatsar ruwan nan da ke shayar da garin Bauchi, idan rana na ɓullowa a kan ruwa ga masunta a kwalekwale, wallahi sai ka manta kana haki. Shi ne bakin tekunmu. Sai dai kada a shiga inda ma'aikatan ruwa suka killace, a tambaya tukuna.

Tsohon Ɗan Ikko: Bakin teku, in ji wanda bai taɓa ganin teku ba! Yaya, shekara shida na yi a Legas. Yashin gaɓar teku mayaudari ne: busasshen yana nutsar da ƙafa, minti goma sha'raɓarka ta ɗauki wuta. Masu wayo jiƙaƙƙen da igiyar ruwa ta daddaɓe suke bi, shi ma a karkace yake, dole ka juyo ta inda ka fito don kada ƙafa ɗaya ta sha wahalar ita kaɗai. Gudun fanfalaki na birnin, wanda aka fara a 2016, kilomita 42 ne da 'yan kai, a wancan karon daga Surulere aka tashi, aka hau gadar Third Mainland, aka ƙare a Eko Atlantic. Abin da ke kayar da ɗan Arewa a can ba nisa ba ne, laima ce. Gumi ba ya bushewa. A nan kuwa hunturu na shanye gumin kafin ka gan shi, sai mutum ya zaci bai rasa ruwa ba. Ku riƙa tafiya da gora ko da kuna jin sanyi.

Mai Jan Kambas: To mun ji, Sarkin Teku. Mu dai namu ba gishiri.

Ƙaramin Zaure: Yayye, Yankari fa? Na ga hotunan hanyoyin cikinta, kamar don gudu aka yi su.

Malamar Firamare: Kai ƙanena, rufa mana asiri. Dajin da ke da giwaye da ɓauna? Da mota da ɗan rakiya ake shiga. Ka je ka yi wanka a Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ke cikin dajin, ruwan na nan da ɗuminsa wajen digiri 31 dare da rana, ka kuma riƙe ledar abincinka da kyau saboda gwaggon biri. Gudu ka bar wa gada.

Baƙo daga Gombe: Idan hanya ta kawo ku, akwai bakin madatsar Dadin Kowa, akwai kuma hawan Tula ta Kaltungo ga mai neman ya gwada huhunsa. A Tula hawan ba ya ba ni tsoro kamar gangarowa. Bara tsakuwa ta kwashe ni, na yi targaɗe, sati uku ina ɗingishi. Gajerun taku, kuma kambas mai ƙasa da gurzu, ba mai sulɓi na zuwa biki ba.

Baba na Yalwa: Abin da ba wanda ya faɗa: kada a fita shi kaɗai, kada a fita gari bai waye ba. Wurin da ba a san ku ba, ku fara gaida mai unguwa. Baƙo a guje a bayan gari da duku-duku, ba kowa zai ɗauka motsa jiki yake ba. Ni an taɓa tare ni ana tambayar wa ya koro ni.

Ɗan Wunti: Baba kun sa ni dariya ni kaɗai a shago. To Asabar in Allah ya kai mu, hanyar Dass, ƙarfe shida da kwata. Zan zo da dabino.

Mai Jan Kambas: Ina ciki, amma ta sama Gubi ce.

Tsohon Ɗan Ikko: Wanda ke da mashin ya biyo ta Fadamar Mada ya ɗauke ni, tawa tana wurin bakanike.