Amsa ta zo iri ɗaya sau biyu, shi ke nan takardar tambayoyin abincina ta inganta?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum malamaina. Ina digiri na biyu a fannin abinci mai gina jiki. Na tsara takardar FFQ, wadda ake jera abinci a tambayi mutum sau nawa yake cin kowanne a rana, a mako ko a wata. Mutane suka cika, bayan mako biyu na sake ba su, amsoshin suka zo kusan iri ɗaya. Sai na rubuta cewa takardar ta inganta. Malamin da ke duba aikina ya ja layi ƙarƙashin jimlar da jan biro, ya ce in sake tunani. Don Allah ina kuskurena? Lokaci yana neman ƙure mini.

Wata malamar jami'a:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Malaminki yana da gaskiya. Abin da kika gano shi ne takardar tana maimaita kanta, to ai sikelin da ya lalace ma nauyi ɗaya zai ba ki yau da gobe. Kuma mako biyu ya yi kusa, mutane ba su manta abin da suka rubuta ba. Sai kin gwada ta da wata hanya dabam. Duba aikin Walter Willett da abokansa na Jami'ar Harvard a 1985: takarda mai abinci 61, mata 173 ma'aikatan jinya, kowacce ta rubuta duk abin da ta ci na mako guda, har sau huɗu a cikin shekara. Da wannan rubutun suka auna takardar.

Mai tambaya:
Malama, ba ni da shekara guda. In na tambaye su abin da suka ci jiya, ya wadatar?

Malamar:
Kwana ɗaya bai isa ba. Cin mutum yana canzawa daga rana zuwa rana, musamman sinadarai irin bitamin A. Ki tambayi kowa aƙalla sau uku, kwanakin a rarrabe, ki sa ƙarshen mako a ciki. Ki fara ba da takardar kafin tambayar jiya, don kada ta farkar da su su gyara amsa. Mutum 100 zuwa 200 ake so.

Wani mai aikin lissafin bincike:
Ƙanwata, akwai abin da ke damuna da wannan hanyar, gara ki san shi tun yanzu. Takardarki da tambayar jiya duk da tunin mutum suka dogara. Wanda ya rage abin da ya ci a ɗaya zai rage a ɗayar, sai su yi daidai alhali duka biyun sun kauce. Binciken OPEN a Amurka, wanda aka buga a 2003, ya auna mutum 484 da ruwa mai alama biyu (ruwan da ake sha don a auna kuzarin da jiki ke ƙonawa) da naitirojin na fitsarin awa 24 (wanda ke nuna yawan furotin da aka ci). Takardar FFQ da suka cika ta rage kuzarin, wato kalorin, da suke ci da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wannan ruwan yana da tsada sosai, amma fitsarin awa 24 don furotin ko gishiri ana iya yi, ko da ga kaɗan daga cikin mutanenki.

Wajen lissafi kuma kada ki tsaya a ma'aunin alaƙa kaɗai (lambar da ke nuna yadda sakamakon hanyoyin biyu ke tafiya tare), ko da kin samu 0.5 zuwa 0.7 da aka saba gani. Ki daidaita da jimillar kalori, ki zana hoton Bland da Altman (zanen da ke nuna girman bambancin hanyoyin biyu ga kowane mutum), sannan ki raba mutanen gida huɗu bisa yawan cinsu ki ga nawa suka faɗa gida ɗaya a hanyoyin biyu. Ƙarfin FFQ jera mutane ne daga mai ci da yawa zuwa mai ci kaɗan, ba faɗin giram nawa wani ya ci ba. Haka za ki rubuta.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Na goge jimlar. Gobe zan kai wa malamina sabon tsari mai tambayar jiya sau uku, in kuma ji ko ɗakin gwajinmu zai karɓi fitsarin.