Shekara shida don a kira ni mai sayar da tabarau?

Ummi Gangare: Assalamu alaikum 'yan uwa, kaina ya kulle, ku taimaka min da shawara. Sau biyu ina zana JAMB ina neman likitanci ban samu ba, bana aka ba ni Optometry, wato karatun awon ido, a BUK. Ni dai raina ya kwanta da shi saboda kakarmu. Ta fi shekara biyu tana cewa gefen idonta na yin duhu, mu kuma muna ta saya mata maganin ɗigawa a kemis, har ranar da ta tsiyaye shayi a gefen kofi ta ƙone hannu. Da aka auna ta aka ce hawan jinin ido ne, ganin da ya tafi ba ya dawowa. Yanzu Baba ya ce ba zai tura ni Kano shekara shida in dawo ina sayar da tabarau ba, in sake JAMB. Akwai kuma wata magana a gida da ba zan faɗa a nan ba. Rajista ta kusa rufewa.

Malam Sani Bauchi Road: 'Yata, bi maganar mahaifinki. Mai cire yanar ido shi ne likitan ido, kuma sai ya gama digirin likitanci na MBBS ya ƙara shekaru yana ƙwarewa. Wannan naki awo ne da gilashi. Tunda duk shida ce, me ya sa za ki ɗauki ƙaramar?

Anti Bilki: Malam, a yi adalci. Digirin OD (Doctor of Optometry) ake bayarwa, sai horon shekara ɗaya a asibiti, rajista da ODORBN, hukumar da ke kula da masu awon ido, sannan bautar ƙasa. Su ke auna ƙarfin gani da matsin cikin ido, su duba bayan ido, su tura wanda ke buƙatar tiyata. Ciwon kakarta ma a irin wannan awon ake kama shi da wuri. Wahalar da na gani wurin ƙanena ita ce samun gurbin horon, wata takwas yana yawo da takardu.

Maman Khalil: Ni abin da ke ci min rai masu shagon nan ne. Dubu ashirin na biya a wani shago wajen Terminus a Jos, gilashin ya sa ni jiri sati biyu, na koma suka ce idona ne bai saba ba.

Malam Sani Bauchi Road: To kun ji. Na faɗa.

Anti Bilki: Mai yanka gilashi daban, mai awo daban, Malam.

Ummi Gangare: Na gode, amma ba ku fahimce ni ba. Ni ban ce ina son tiyata ba, jini ma tsoro yake ba ni. Kuma in na sake JAMB karo na uku ban samu ba fa?

Abu Sadiq: To in jini na ba ki tsoro, me ya kai ki neman likitanci sau biyu? Kuma wace magana ce a gida, aure ne? In aure ne, shawarar duk ta canza.

Ummi Gangare: Yaya, a bar wannan maganar. Tambayata, wa zai iya shawo kan Baba?

Malam Sani Bauchi Road: Ba ni lambarsa in ƙarfafa masa gwiwa.

Maman Khalil: Wai akwai wanda ya san inda ake awo mai kyau a Jos?