Wai yaran Sudan sun yi sa'a

Ɗan Fagge: Jama'a, yau raina a ɓace yake. Shekara shida da digiri ina jan Adaidaita daga Kantin Kwari zuwa Hotoro, sau biyu ana hana ni biza. Jiya na ga labarin yaran Kudancin Sudan da yaƙi ya kora. A 2001 Amurka ta kwashi kusan 3,800 daga sansanin Kakuma na Kenya, ga wurin kwana ga makaranta. Ɗayansu, Lopez Lomong, shi ya riƙe mata tuta a gasar Olamfik ta 2008. Wallahi yaran nan sun yi sa'a.

Maman Hanifa: Sa'a? Haba ƙanena, ka ji tsoron Allah. Yaro ɗan shekara bakwai an ƙone ƙauyensu yana kiwo, ya taka da ƙafa har Habasha. Da gwamnatin Mengistu ta Habasha ta faɗi a 1991 aka sake fatattakarsu, suka faɗa kogin Gilo, wasu ruwa ya ci, wasu kada. Wannan ce sa'ar?

Ɗan Fagge: Yaya, ni ƙarshen abin na duba.

Malam na Kurna: Kuskuren a kalmar yake. Musulmi ba ya cewa sa'a a nan, rabo ake cewa. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama.

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, sa'a da rabo ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Malam na Kurna: Ka tsaya a kan siminti da rodi. Ɗan caca ke neman sa'a.

Injiniya: To duk mai ce wa ɗalibi "Allah ya ba da sa'a" ranar jarrabawa ɗan caca ne ke nan? Har da ku?

Baban Walid: Ku bar wannan. 'Yan yankin John Garang ne, madugun 'yan tawayen Kudancin Sudan na lokacin, galibinsu Kiristoci, shi ya sa aka ɗauke su. Namu na Borno da ke sansanin Minawao a Kamaru wa ya turo musu jirgi?

Maman Hanifa: Baban Walid, harsashi ba ya tambayar addinin yaro. Kuma in gata ne, me ya sa 'yan mata 89 kacal aka ɗauka cikin dubban nan?

Baban Walid: A ina kika samo 89?

Maman Hanifa: Inda ka samo naka.

Sudani: Ku da ba ku taɓa jin ƙarar igwa ba. Ina karatu a Khartoum yaƙin janar-janar biyu, Burhan da Hemedti, ya ɓarke, 15 ga Afrilu 2023, muna cikin azumi. Mun yi kwanaki a bakin iyakar Masar, mu huɗu gorar ruwa ɗaya, da murfinta muke aunawa. Kusa da mu wata yarinya ce goye da ƙaninta, tana ta tambayar kowace mota ko an ga uwarta. Mu da fasfo muka wuce. Ita ban san inda ta ƙare ba.

Injiniya: Kai ma ka yi sa'a ke nan.

Malam na Kurna: Rabo.

Sudani: Injiniya, mai riƙe da kuɗin adashenmu tun Sallah ba shi da bakin zolaya.

Injiniya: Au, tonon silili za a yi? Na ce ƙarshen wata.

Baban Walid: Wane watan?

Ɗan Fagge: Ni fa maganar bizata nake. Ba wanda ya ce min ko sannu.

Admin: To, an rufe. Abin da aka tattara: Malam ya kawo hujja cewa rabo ne, kuma ba wanda ya iya ture ta. Maman Hanifa ta yi magana cikin tausayi irin na iyaye mata, amma ba ta kawo majiya ba. Injiniya ya yi wa malaminmu rashin ladabi, ya ba da haƙuri kafin Magariba, ya kuma turo kuɗin adashe, har da zubi na biyu. Ɗan Fagge, Allah ya kawo rabo.