Yayana zai fito takarar Sanata a Kaduna ta Tsakiya, ina za mu sa ɗan abin da muka tara?

Ƙanin Malam: Assalamu alaikum. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa shiga harkar zaɓe da ƙafarsu. Yayana ya yi shekara 28 yana koyarwa, ya yi aikin ƙungiyar ƙwadago, yanzu ya yi ritaya, abokansa sun matsa masa ya fito takarar Sanata. Mutum ne mai ra'ayin su Malam Aminu Kano tun yana saurayi: ilimi kyauta har da na 'ya'ya mata, albashin da zai riƙe gida, a daina ɗora wa mai tireda haraji. Ba zai canza ba, kuma ba na son ya canza. Damuwata ita ce mutanenmu na Giwa da Igabi da Birnin Gwari, inda maganar hakimi da liman take da nauyi. Tun bai fito ba wani ya fara ce masa ɗan gurguzu. Abin da muka tara da gudummawar abokai bai wuce naira miliyan 30 ba. A 2022 fom ɗin Sanata na APC kaɗai miliyan 20 ne, saboda haka ƙaramar jam'iyya za mu shiga. Tambayata: mu zuba kuɗin a rediyo don a san shi, ko mu ajiye wa ejan-ejan na ranar zaɓe?

Ɗan Rigasa: Wa alaikumus salam. Ya sayi fom a babbar jam'iyya kawai. Ƙaramar jam'iyya ɓata lokaci ce.

Ƙanin Malam: Ɗan uwa, ai na faɗa, kuɗin ba su kai ba. In fom ya cinye 20, da me za mu tunkari deliget?

Baba Ɗan Taɓo: Yaro, Allah ya yi wa yayanka albarka. Ni na jefa wa mabuɗi, alamar jam'iyyar PRP ta su Malam Aminu, ƙuri'a a 1979, kuma ina so ka san yadda aka ci. Marigayi Balarabe Musa, wanda ya ci gwamnan Kaduna a lokacin, bai je ƙauye yana karanta wa mutane sunan aƙida ba. Haraji da jangali aka ce za a soke, kuma aka soke. Manomin da ake kamawa a kan kuɗin haraji a gaban matarsa ba ya bukatar a fassara masa komai. Malam Aminu kuwa malami ne mai tafsiri, duk wanda ya ce masa ya bar hanya, da aya yake mayar masa. To ka gaya wa yayanka ya bar kalmomin jami'a a gida. Ya yi maganar taki, da kuɗin mota tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, da gonakin Birnin Gwari da aka bari saboda 'yan bindiga. Kuma ya fara da gaisuwa: fadar hakimi, gidan liman, gidan mutuwa, kafin ya buga fosta ko ɗaya. Amma ka tuna ƙarshen labarin, majalisar da jam'iyyar NPN ta cika ta hana Balarabe Musa kwamishinoni, ta tsige shi a Yunin 1981.

Mai Shayin Kawo: Baba, in ya zo gaisuwa ya biyo ta teburina. Duk ɗan takarar da ya sha shayina da madara biyu bai taɓa faɗuwa ba, sai dai a ƙi sanar da shi.

Tsohon Ejan: Ku bar ni in faɗi nawa, don har yau abin yana cina. A 2023 na bi wani ɗan takara irin yayanka, mai gaskiya a baki, mai kuka in ya ambaci talaka. Na yarda da shi har na sayar da Keke Napep ɗina, wadda da ita nake ciyar da 'ya'ya biyar. Na buga fosta da kuɗina. Na yi wata huɗu ina yawo gida-gida a Tudun Wada da Unguwar Sanusi, har matata ta haɗa mini mata a islamiyyarsu na yi musu bayani daga bayan labule. Na tara masa matasa 40 da za su tsare akwati, na rubuta sunayensu da lambobin katinsu a littafi mai bango ja, yana nan a ƙarƙashin katifata.

Saura kwana uku zaɓe, da dare, muna zaune a ofishin kamfen muna jiran a kawo katin shaidar ejan, sai wani yaro ya miƙo mini waya. Ga ɗan takararmu a hoto, yana ɗaga hannun wanda muka yi wata huɗu muna cewa shi ne azzalumi. Ya janye. Bai kira ni ba, bai aiko ba. Na buga wayarsa sau 17 a daren, a kashe. Washegari matasan nan suka cika ƙofar gidana, suna ganin da ni aka raba. Wani da na goya yana ƙarami ya nuna ni da yatsa ya ce mini maci amana. Na koma ɗaki na rufe ƙofa, wallahi na yi hawaye. Yanzu keken wani nake ja, kullum da yamma in kai balas. Saboda haka ni tambayata gare ka, Ƙanin Malam, ba ta rediyo ba ce. In aka kira yayanka Abuja aka ajiye masa abin da bai taɓa gani ba, zai iya tashi ya bar shi?

Hajiyar Barnawa: Inna lillahi. Allah ya mayar maka da alheri, ɗana. Ka kai shi ƙara wurin manyan unguwa kuwa?

Tsohon Ejan: Hajiya, na je. Aka ce in yi haƙuri, siyasa ce.

Ƙanin Malam: Allah ya saka maka. Yayana na san shi, a gidan haya ya yi rabin rayuwarsa. Amma don Allah, tunda ka yi aikin, nawa ake ba ejan ɗaya?

Tsohon Ejan: Mu dubu 5 aka yi mana alkawari, ba mu gani ba.

Ɗan Rigasa: Dubu 5 a ina? Ni dubu 20 na karɓa, ban da abinci da katin waya. Wanda ka ba dubu 5, ɗaya ɓangaren zai ƙara masa 10 ya tafi sallar la'asar ya ƙi dawowa.

Uwar Biyu: Mu a Chikun dubu 10 ne, kuma lokacin canjin kuɗi ne, babu takardar naira a hannu. Taransifa aka yi mana, tawa ba ta shigo ba sai bayan kwana tara. Da ƙafa na koma gida ƙarfe ɗayan dare bayan an gama ƙirga. Amma ka ji ni da kyau: in ba ka da mutum a rumfa da zai sa hannu a EC8A, fom ɗin sakamakon rumfa, ya karɓi kwafinsa, ya tsaya har a ɗauki hoton takardar da na'urar BVAS, to duk ihun rediyonka banza ne. Kotu takarda take tambaya. Jihar nan rumfunan zaɓe sun haura dubu 8, naku na ƙananan hukumomi bakwai ba za ku iya rufe su duka ba, ku zaɓi mazaɓun da kuke da mutane.

Sojan Baka: Uwar Biyu, ejan zai tsare ƙuri'ar da ba a jefa ba ne? A ƙauye rediyo ce sarki. Manomi yana huɗa tana rataye a wuyansa. Ni na sayi fili na rabin awa a wata tasha dubu 150.

Ɗan Rigasa: Yaushe? Bara an ce mana dubu 400, kuma lokacin kamfen ninkawa suke yi.

Sojan Baka: Ya danganta da tasha da lokaci. Bayan isha'i ba ɗaya yake da ƙarfe uku na rana ba.

Na Turai: In ƙara da abin da na gani a Amurka. A Disambar 2017 Doug Jones na jam'iyyar Dimokurat ya ci kujerar Sanata a Alabama, jihar masu ra'ayin riƙau sosai, saboda abokin karawarsa ya shiga abin kunya, kuma baƙaƙen fata, musamman mata, sun fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu. A 2020 ya faɗi. Jon Tester manomi ne, ya riƙe kujerar Sanata a jihar Montana tun zaɓen 2006 da maganar gona da tsofaffin sojoji, sai a 2024 aka kayar da shi. Darasin shi ne mutane su san ka a matsayin nasu kafin su tuna jam'iyyarka.

Ɗan Rigasa: Malam, kana can cikin sanyi kana ba mu labarin Alabama. A can ana raba taliya da atamfa a layi?

Na Turai: A Kaduna aka haife ni, kuma na yi zaɓe uku kafin in tafi.

Baba Ɗan Taɓo: Ku bar shi, abin da ya faɗa shi na faɗa. Kuma ga misali a gida: Shehu Sani ya ci wannan kujerar a 2015 a APC, ya koma PRP a 2019, Uba Sani ya kayar da shi. Suna yana da shi, rediyo ta san shi. Abin da ya rasa shi ne jam'iyya mai mutum a kowace mazaɓa.

Uwar Biyu: Baba, da girmanka, zamaninku daban. Ku shawara kuke bayarwa daga kan tabarma, mu ne muke kwana a rumfa sauro yana cizonmu.

Baba Ɗan Taɓo: 'Yata, an kulle ni a kan siyasa tun ba a haife ki ba.

Hajiyar Barnawa: Ni duk ba wannan ba. Wa zai yi zaɓen ma? 'Yata ta yi rajista, mun je karɓar katinta sau huɗu. Yau a ce ba a kawo ba, gobe a ce yana wata mazaɓa. Kuɗin mota kaɗai ya fi dubu 6. Ƙarshe ta ce Mama na haƙura.

Tsohon Ejan: Cikin matasana 40, bakwai haka suka yi ta zarya. Ɗaya ma an buga sunansa da hoton wani.

Mai Shayin Kawo: Nawa katin yana nan, amma an sauya mini rumfa ba a gaya mini ba. Na rufe teburi na bi layi awa uku, na isa gaba aka ce sunana yana can wajen Unguwar Dosa.

Ƙanin Malam: Na gode ƙwarai, duk ina rubutawa. Amma har yanzu, rediyo ko ejan?

Hajiyar Barnawa: Mai Shayi, kai da ka je Unguwar Dosan ka samu sunanka? Don maƙwabciyata ma can aka tura ta, kuma tana so ta mayar da nata kusa da gida kafin a rufe rajista.