Tsinken hasken M87 ya ƙi fitowa a hotona

Mai Kwanan Gona:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Dare uku ke nan ina kwana a gonar kawuna a bayan garin Kano saboda M87, ƙaton gungun taurarin nan da aka nuna wa duniya hoton baƙin raminsa (wurin da ke cibiyarsa, wanda ko haske ba ya kuɓuce wa jansa) a 2019. Madubin hangen nesana inci 8 ne, kyamara Canon, kowane hoto ina barin ta a buɗe daƙiƙa 180. Gungun ya fito dunƙule kamar curin fura, amma tsinken hasken da baƙin ramin ke fesowa babu alamarsa. Shi kuwa nake nema. Tun da na karanta cewa tsawonsa ya kai tafiyar haske ta shekara 5,000, raina ya ƙwallafa a kansa. Kayan aikina ne suka gaza?

Tsohon Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kayanka sun isa, daƙiƙa 180 ɗin ne suka cinye maka shi. Tsinken manne yake da cibiyar, kuma daga nan ɗan mitsitsi ne, wajen daƙiƙar kusurwa 20 (ma'aunin girman abu a ido, ɗaya cikin 3,600 na digiri), saboda nisan ya haura tafiyar haske ta shekara miliyan 50. Da zarar cibiyar ta ƙone ta yi fari fat, ta haɗiye shi. Sauko zuwa daƙiƙa 20, ka ɗauki kamar hoto 200, ka haɗa su a Siril, manhajar haɗa hotunan taurari. Wajen gyara kada ka ja hasken da yawa. Ka zuƙo tsakiyar sosai, za ka ga ɗan layi mai shuɗi-shuɗi.

Shuɗin nan hasken ilektron ne masu gudu dab da gudun haske cikin maganaɗisu. Masanin taurari Heber Curtis ya fara lura da tsinken a 1918, da farantin hoto na gilashi.

Bazazzagiya:
Ƙari kan maganar Malam: M87 yana digiri 12 arewa a taswirar sama, daidai da Kano a taswirar duniya, don haka a farkon Afrilu wajen tsakar dare kusan a tsakar kanka yake wucewa. Ka jira lokacin. Ranar da aka yi hazo kuwa, kar ka wahalar da kanka.

Mai Kwanan Gona:
Malam, Allah ya saka da alheri! Jiya na ɗauki 240, na zubar da 60 da iska ta girgiza. Ƙarfe uku na dare ya fito a allon kwamfuta, siriri kamar tsinken tsintsiya. Sai da na tashi kawu ya zo ya gani.